Mariri, raƙumin dawa da kyamara: abin da hoto ya riƙe na dajin Gadabeji

Ka shiga ajin firamare a Dakoro ka ce yara su zana zaki ko giwa, nan da nan za su zana, don sun gani a littafi da talabijin. Ka ce su zana mariri, sai aji ya yi tsit. Alhali kuwa saboda mariri da bareyi ne aka keɓe gandun dajin Gadabeji, arewa da mu, a shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa. Fili ne mai faɗin hekta 76,000. A wancan lokaci yana cikin ƙasar Dakoro, kafin a yanke Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

Ga wanda bai san shi ba, mariri dabba ce fara mai jan wuya da ƙirji, ƙahoninsa dogaye sun lanƙwasa baya kamar takobi, tsawonsu yakan kai mita guda. Rayuwarsa duka bin yanayi ce. Da damina ta sauka sai garke ya hau arewa, ya bi sabuwar ciyawa har bakin hamada. In rani ya yi tsanani ya gangaro kudu neman inuwar aduwa da kandili. Hanyar da Fulani da Buzaye suke bi da dabbobinsu ke nan, shi ma ita yake bi.

Abin da ya kawar da shi ba boyayye ba ne. Bindiga ta haɗu da mota, farautar da a da ake yi bisa doki ko raƙumi ta koma kisan garke guda a yini ɗaya. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi a makiyaya, shanu suka zauna shekara cur a wuraren da namun daji suke fakewa da rani. Gonaki suka yi ta hawa arewa, duk da dokar 1961 da ta shata iyakar noma. Sannan fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, ya dawo a 1984. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji tun cikin shekarun 1970. Mariri kuwa a shekarun 1980 aka daina ganinsa a Nijar, kuma a 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa ya ƙare a daji baki ɗaya. Sai a 2016 aka sake sakin wasu a ƙasar Cadi, daga waɗanda aka yi kiwonsu a killace a Abu Dabi.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da kyamara ta riga ta shigo ƙasarmu, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Masu ɗaukar hoto na waje sun zo Nijar, ba sau ɗaya ba. Henry Brandt, mutumin Suwizalan, ya yi fim a kan Wodaaɓe a shekarun 1950. Carol Beckwith ta fitar da littafin hotunanta na makiyayan Nijar a 1983. Werner Herzog, Bajamushe, ya yi nasa fim a 1989. Aikinsu yana da kyau, ba na musu. Sai dai abin da duniya ta riƙe daga ciki shi ne gerewol: ƙarshen damina, samari sun sha kwalliya, ciyawa kore shar a bayansu. Wanda ya san ƙasarmu ta waɗannan hotuna zai zaci kullum Satumba ce a nan. Watan Afrilu, lokacin da ƙasa take fari fat, shanu suna layi a bakin rijiya, ba ya sayuwa a mujalla sai in an yi yunwa.

Namu masu hoton na gari kuwa ba laifinsu ba ne. Fim yana da tsada, ɗauka talatin da shida ce a naɗi guda, kuma sai an aika birni a wanko. Wa zai ɓata ɗaya a kan barewa? Hoton katin ɗan ƙasa ake yi, da na aure, da na Salla. Shi ya sa in ka buɗe albam na gidajenmu za ka ga kakanni cikin manyan riguna, amma ba za ka ga dajin da suka rayu a cikinsa ba.

A ganina hoton daji ba ya zama shaidar tarihi sai an maimaita shi: wuri ɗaya, lokaci ɗaya na shekara, da kwanan wata a rubuce. Misalai biyu daga ƙasar nan tamu sun isa su nuna haka.

Na farko raƙuman dawan Kure ne, gabas da Yamai. A 1996 aka ƙirga su aka samu 49 kacal, su ne suka rage a Afirka ta Yamma duka. Yaya aka yi aka san 49 ne, ba a ƙirga ɗaya sau biyu ba? Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan mutum, kuma ba ya canzawa daga ƙuruciya har tsufa. Sai masu bincike suka riƙa ɗaukar kowanne hoto ta gefen dama da ta hagu, aka buɗe masa shafi a kundi. In an ga wani baɗi, a duba kundi a gane shi. Yanayi ma yana da hannu a cikin aikin. Da damina ake ƙidayar, domin lokacin ne suke taruwa a kan tudun Kure. Da rani sukan sauka Dallol Bosso su watsu suna cin ganyen gawo. Da za a ƙirga bana da damina, baɗi da rani, da lissafin ya zama shirme. Da wannan kundi aka bi su shekara bayan shekara har suka haura 600.

Daga cikinsu ne aka ɗebo takwas a watan Nuwamba na 2018, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a manyan motoci aka kawo Gadabeji, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta saka gandun cikin jerin wuraren da take karewa. Ma'aikatar muhalli ta Nijar ce ta yi aikin tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund. Daga baya an ƙaro wasu, har sun fara haihuwa a can. Kusan shekara hamsin ke nan rabon wurin da su.

Misali na biyu daga sama aka ɗauko shi. Bayan farin 1984 kowa ya yarda cewa hamada tana cinye jihar Maraɗi, magana ta ƙare. Amma tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da yake zaune a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke tohon kututture, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su bari ya girma. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Manoma suka ɗauka, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, ba wanda yake ƙirgawa. Sai da Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera tsoffin hotunan jirgin sama kusa da sababbi sannan duniya ta gaskata. Hotunan ƙauyen Galma a jihar Tawa, na 1975 da na 2003, sun fi shahara: a na farko ɗigon itatuwa tsilla-tsilla, a na biyu gonaki cike da su, ga kuma mutane sun ƙaru. Ƙiyasin da ya biyo baya ya ce hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo, itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya ɗauki hoton 1975 bai san amfanin da zai yi ba. Ya dai rubuta wuri da rana.

Yau kusan kowane gida akwai salula mai kyamara, matsalar fim ta wuce. Malami zai iya zaɓar gawo ɗaya kusa da makaranta, ya kafa dutse inda za a riƙa tsayawa, ranar farko ta kowane wata yaro ɗaya ya ɗauka. Na zaɓi gawo da gangan, don shi ne yake yi wa sauran itatuwa kishiya: da damina ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, da hunturu ya yi kore. Yaron da ya ga hoton Agusta kaɗai zai ce itacen ya mutu. In ya ga goma sha biyun a jere, ya koyi darasin da manyan masana suka sha faɗawa cikinsa, wato yanke hukunci da hoto guda.

Haka shamuwa. Iyayenmu da ita suke sanin damina ta ƙarato, kuma da kaka takan kama hanya zuwa kudancin Afirka. A rubuta ranar da aka fara ganinta a kan itacen unguwa, a ɗauke ta daga nesa, kada yara su hau su taɓa sheƙa. Shekara goma na irin wannan rubutu zai faɗi wani abu game da sauyin yanayi a Dakoro da ba a taɓa rubutawa ba. A yi wa tafkin da yake cika da damina haka, da burtalin da gonaki suke matsewa kowace shekara. Gandun Gadabeji kansa ba a shigarsa sai da izinin ma'aikatan gandun daji da rakiyarsu, kuma ba lallai sai an je can ba.

Hasken safe da na la'asar ya fi na tsakar rana, kuma ƙurar hunturu ba dalilin fasa ɗauka ba ce, ita ma labari ce. Abu ɗaya nake roƙon iyaye da shugabannin makarantu: a wanko hotunan a takarda. Salula tana ɓacewa, tana faɗawa rijiya, ana sayar da ita ranar da hatsi ya ƙare. A bayan kowane hoto a sa sunan wuri, da kwanan wata, da sunan abin da Hausa, in an samu da Fulatanci da Buzanci. Sunayen kuwa a wurin tsofaffi za a tambaya, musamman tsoffin mafarauta da makiyayan da suka haura saba'in, waɗanda a cikinsu har yanzu akwai masu iya nuna maka kwarin da suka ga garken mariri na ƙarshe.