Yadda Aka Fara Sauya Gadon Tsirrai da Gangan

Mu da muka sha gwagwarmaya a fagen gyaran irin shuka mun taras da magabatanmu da wata mas'ala wadda ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, wato sun tabbata cewa gadon halitta yakan sauya da kansa jefi-jefi, har ɗa ya zo da siffar da babu ita ga iyayensa, amma ba su da ikon jawo wannan sauyi a lokacin da suke bukatarsa, sai dai su zauna jiran sa'a. A shekarar 1927 ne Hermann Muller, malami a Jami'ar Texas ta Amurka, ya kafa hujja cewa idan aka haska ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace da hasken eksire, irin wanda likita ke duba ƙashi da shi, sauyin yakan yawaita a zuriyarsu ninkin ba ninkin. A 1928 kuma Lewis Stadler ya bayyana irin wannan natija a kan sha'ir da masara a Missouri. Muller ya sami lambar Nobel a 1946, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗin jama'a game da illar waɗannan haskoki.

Babin sinadarai kuwa a cikin yaƙi aka buɗe shi. Charlotte Auerbach, Bayahudiya wadda ta baro Jamus a 1933, ita da J. M. Robson suka gano a Edinburgh cewa iskar guba ta mastad, wadda aka yi ta'asa da ita a Yaƙin Duniya na Farko, tana yi wa gado abin da eksire ke yi, amma hukuma ta hana su bayyanawa sai da yaƙi na biyu ya ƙare. A yau mun fi amfani da sinadarin EMS, domin shi harafi guda yakan canja a cikin rubutun gado, alhali haske yakan karya zaren gadon ne gaba ɗaya.

Abin da na waje bai sani ba shi ne, haske da sinadari ba su da zaɓi ko kaɗan. Mukan nemi gwargwadon da zai kashe kusan rabin irin, mu shuka ragowar, mu yi haƙuri da zuriya ta farko wadda galibi take ɓoye abin da ya same ta, sa'an nan a zuriya ta biyu mu bi kunya kunya cikin dubban tsirrai, waɗansu nakasassu, waɗansu farare fat ba sa kai mako biyu, muna neman guda ɗaya mai gajeren kara ko mai saurin nuna. A ganina yabon da ake yi wa na'urar haskawa, mai bin kunyar nan ne ya cancance shi.

Tun 1964 Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka haɗa hannu kan wannan fanni, suna haska wa ƙasashe iri a Seibersdorf ta Ostiriya, kuma nau'o'in da aka yi wa rajista sun haura 3,000. Mai karatu da ke fargaba ya sani, irin da aka haska ba ya riƙe hasken a jikinsa, balle ya kai shi ga tukunya.