Bukukuwan Birnin Agadas, Daga Sallar Layya Zuwa Biyanu

A yawancin garuruwan ƙasar Nijar, idan an yi Sallar Layya, an ci nama, an gama yawon barka da salla, sai kowa ya koma bakin aikinsa. Amma a Agadas ba haka ba ne. Bayan salla da 'yan kwanaki sai a soma jin kiɗan ganguna da dare cikin lungunan tsohon gari, samari suna fita ƙungiya ƙungiya, suna waƙa suna rawa. Haka za a yi ta yi har wajen mako uku, sai an shiga watan Muharram, a rufe da babban bikin da ake kira Biyanu. Wannan lokaci shi ne kakar bukukuwa ta mutanen Agadas. Wanda ya bi tarihinsa kuwa zai ga tarihin garin kansa, da arzikinsa da wahalarsa.

Asalin garin da sarautarsa

Agadas tana kudu da duwatsun Abzin, a kan tsohuwar hanyar ayari wadda ta haɗa ƙasar Hausa da Gat da Tarabulus. Bisa ga tarihin da aka ajiye a fada, kabilun Abzinawa sun gaji da faɗa a tsakaninsu, suka nemi sarki wanda ba na kowace kabila ba, domin ya riƙa raba musu gardama. Aka naɗa Yunusa wajen shekara ta 1405. Labarin baka ya ce daga Santambul aka zo da shi. A tsakiyar ƙarnin nan ne sarakunan Abzin suka mai da Agadas mazauninsu.

A farkon ƙarni na 16 Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin, ya sa masa haraji. A wannan zamani ne aka gina babban masallaci, wanda ake danganta gininsa da Shehu Zakariya. An sake gina hasumiyarsa a 1844. Tsawonta mita 27 ne, da ƙasa zalla aka gina ta, aka kafa mata itatuwa a jiki. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa a lokacin bunƙasarsa garin ya kai mutum 30,000. Gari ne na fatake da malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a ƙuruciyarsa ya zo nan ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Sa'ad da sojojin Maroko suka karya daular Songai a 1591, ciniki ya soma ja da baya, yaƙe-yaƙen kabilu kuma suka ƙara raunana garin. Duk da haka sarauta ba ta mutu ba, bukukuwanta kuma ba su mutu ba.

Sallar da Barth ya gani

Bayani mafi cika da aka rubuta a kan salla a Agadas ta dā, na wani Bajamushe ne matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim. Ya sauka a garin cikin watan Oktoba na 1850, ya yi wajen mako uku. Ya tarar da gidaje da yawa sun zama kango, ya ƙiyasta mazauna garin ba su wuce 7,000 ba. Ya kuma ji mutane suna magana da wani harshe mai dangantaka da Songai, ban da Hausa wadda ita ce harshen kasuwa. Wancan harshe ya ɓace daga baya, Hausa ta zama harshen gari.

Ranar 16 ga Oktoba ta zo daidai da Sallar Layya, a ranar kuma aka tabbatar da Abdulƙadir bisa gadon sarauta. Shugabannin kabilun Itesan da Kel Geres suka kai shi fada suka zaunar da shi, sa'an nan na Kel Ewe suka ba da yardarsu. Daga nan sarki ya hau doki, manyan gari suka bi shi, Abzinawa bisa raƙuma da takubba da masu, aka fita bayan gari kusa da kabarin wani waliyyi aka yi sallar idi, aka komo.

Abin lura a nan shi ne, ba don kallo kaɗai ake hawan nan ba. Sarkin Abzin ba shi da rundunar kansa mai yawa, ƙarfinsa yana ga yardar kabilu. Saboda haka ranar salla ita ce ranar da kowa yake gani da idonsa ko su wa suke bayan sarki. Kabilar da ba ta zo hawa ba, an san da magana. Har wa yau Sarkin Abzin yana hawan salla, da dogarai masu jajayen kaya, da 'yan algaita da kakaki, a yi sukuwa a ƙofar fada. Gidan da Barth ya sauka kuma yana nan cikin tsohon gari, ana kai baƙi su gani.

Biyanu

Hawan salla na sarki ne, amma Biyanu na unguwanni ne. Garin yakan rabu kashi biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane kashi da shugabansa wanda ake kira tambari, wato sunan babbar gangar da ke gabansu. Ban da tambari akwai wata ƙaramar ganga ta hannu da ake kira akanzam. Kowane dare kowane kashi yana zaga nasa lunguna. A zamanin dā, idan ɓangarorin biyu suka yi kiciɓis, sai a ɗaga sanduna, a yi ta bugu har a ji wa wasu ciwo. Da sannu fada da hukuma suka shiga tsakani, suka rage wannan, gasar ta koma ta kiɗa da rawa da ado.

Gab da Ashura sai a yi abin da ake kira marecen ado. A ranar nan yaro da babba kowa yakan fito da mafi kyaun tufafinsa: manyan riguna, da rawunan turkuɗi masu walƙiya, da layu na fata a wuya, da takobi a rataye. Mata su sha lalle, su sa kayan azurfa na maƙeran garin. Da dare maza sukan fita zuwa Alarsas, wani ƙauye mai garake a arewa da gari, a bakin ƙoramar Telwa, su kwana can. Da gari ya waye sai su komo gaba ɗaya, 'yan gabas da 'yan yamma a haɗe, riƙe da rassan dabino da tutoci, sun ɗaura kaba bisa rawunansu. Mata da yara su tarye su da guɗa. A bi gari ana rawa, a je a gai da sarki, sa'an nan a zaga gidajen manya da na tsofaffi ana gaisuwar sabuwar shekara.

Game da asalin bikin, mutanen Agadas suna da labari fiye da ɗaya. Wasu sun ce tuni ne da ranar da jirgin Annabi Nuhu ya sauka bayan ruwan Tufana. Wasu sun ce kwaikwayo ne na taryar da mutanen Madina suka yi wa Annabi Muhammadu sa'ad da ya yi hijira. Wasu kuma sun ce murna ce ta dawowar mayaƙan gari da nasara. Dukan labaran nan uku zance ɗaya suke yi, wato mutane sun tsira daga hatsari, sun iso gida lafiya, an fita an tarye su. Ga garin da rabin mazansa ke shafe watanni cikin hamada, ba abin murnar da ya fi wannan.

Da yake ana bin watan sama ne, kowace shekara bikin yana matsowa da wajen kwana 11, sai ya yi shekara 33 ya zagayo. Sallar da Barth ya gani cikin kaka ta faɗo. A 2024 kuwa Biyanu cikin watan Yuli ya zo, lokacin damina.

Bukukuwan da ke bin yanayi

Akwai kuma taruka waɗanda ba wata suke bi ba, ruwa da ciyawa suke bi. A ƙarshen damina, cikin watan Satumba, makiyaya Abzinawa da Fulani Wodaɓe sukan kai dabbobinsu filayen Ingal, wajen kilomita 160 yamma da Agadas, domin su sha ruwa mai gishiri. Wannan shi ne bikin lasar gishiri, wanda a harshen Faransanci ake kira Cure Salée. A nan ake tseren raƙuma, mata su yi kiɗan tande, samarin Wodaɓe su yi rawar gerewol. A nan ake ƙulla aure, a sasanta rigingimu, hukuma kuma ta yi wa dabbobi allura. Cikin Oktoba sai ayarin gishiri ya tashi zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600 ta cikin Tenere, a kai gero a komo da kantu da dabino. Da watan Mauludi kuma Abzinawa suna yin bikin Gani.

Shekarun yaƙi

Faransawa suka kafa barikinsu a Agadas a 1906. Cikin Disamba 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin, ya riƙe garin har zuwa Maris 1917, sa'ad da sojoji suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya mai tsanani ce. Aka kashe malamai da mutanen gari da yawa, aka kwashe raƙuma, jama'a suka watse. Kawusan ya mutu a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a tsare a 1920. A 1926 mutanen Agadas ba su kai 2,500 ba. Wannan shi ne lokacin da garin ya fi kusa da mutuwa. Waɗanda suka ragu su ne suka riƙe ganguna da waƙoƙi, suka miƙa wa 'ya'yansu.

Zuwan baƙi da tafiyarsu

Bayan samun mulkin kai a 1960 garin ya soma farfaɗowa. A 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, daga baya aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka soma a ƙarshen 1978, ya riƙa bi ta garin. Sai wata sabuwar kakar biki ta samu, wadda ba ta cikin lissafin kakanni. Turawa masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa da ɗari, musamman lokacin hutun Kirsimeti da sabuwar shekara. Su hau hasumiya su hangi gari, su zaga kasuwar raƙuma, su sayi gicciyen Agadas na azurfa da takalman fata, sa'an nan su shiga hamada. Direbobi da jagorori da maƙera da dukawa suka sami abin yi.

Tawayen da ya tashi a 1990 ya tsai da wannan harka. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar 25 ga Satumba 2000 kuma aka ƙone makamai a Agadas a gaban jama'a. Baƙi suka komo. A 1998 Alfadi, mai zanen tufafi, ya shirya bikin nunin tufafin Afirka na farko a Tigidit, kudu da garin. A 2001 aka soma bikin Abzin a Iferwan, wanda aka saba yi a ƙarshen Disamba. Amma a 2007 wani tawaye ya sake tashi, jiragen sama masu kawo baƙi daga Faransa suka daina zuwa. A Satumba 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, hanyar baƙi ta ƙara toshewa. Direbobi da yawa suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta hana, kafin a soke ta a Nuwamba 2023. Wasu kuma suka tafi haƙar zinariya a Jado tun daga 2014.

Gwamnati ma ta kawo nata bukukuwan. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya. A 2016 aka yi bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba a nan, aka yi wa garin gyare-gyare da sunan Agadas Sokni. A ƙarshen Disamba 2023 aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a garin, Isaka Isaka na jihar Doso ya ɗauki takobi.

Abin da ya dawwama

Idan aka jera bukukuwan nan za a ga iri biyu ne. Akwai waɗanda suka dogara ga jirgin sama da kuɗin baƙo da kasafin gwamnati. Suna da amfani ƙwarai, gama iyalai da yawa da su suke ci, rashinsu kuma ya jefa samari cikin sana'o'i masu hatsari. Amma da zarar tsaro ya lalace sai su tsaya. Akwai kuma hawan salla da Biyanu, waɗanda ba su bukatar kome sai ganga da reshen dabino da mutanen unguwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Agadas sun haura 100,000, da yawansu kuma ba a garin aka haife su ba. Sababbin unguwanni sun fi tsohon gari girma nesa ba kusa ba. Aikin da ke gaban fada da shugabannin Biyanu shi ne su jawo 'ya'yan sababbin unguwannin nan cikin bikin, su koya musu kiɗan da waƙoƙin, yadda kowane yaro zai san ko shi ɗan gabas ne ko ɗan yamma, ya kuma san cewa da safiyar dawowa daga Alarsas dukansu tare suke shiga gari.