Farfesa Frances Ashcroft da Ƙofar da Ta Bayyana Sirrin Ciwon Suga

'Yan uwa, da wuya a sami unguwa a garin Lafiya da babu mai fama da ciwon suga, kuma da yawa daga cikinsu ƙwayar glibenclamide suke sha, wadda aka fi sani da Daonil. Sai dai ba kowa ya san cewa likitoci sun shafe shekaru suna ba da irin wannan magani ba tare da sanin yadda yake aiki a jiki ba. Cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli akwai wata mata 'yar Ingila, masaniyar yadda jikin ɗan Adam ke aiki, Farfesa Frances Ashcroft.

Asalin maganin dace aka yi. A 1942, a birnin Montpellier na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani magani a kan masu taifot, sai ya lura sukarin jininsu na faɗuwa ƙasa warwas. Daga nan aka samo jerin magungunan da ake kira sulfonylurea, dangin Daonil. An ga suna sa fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi, ta saki insulin, amma ta wace hanya? Aka rasa amsa.

An haifi Ashcroft a 1952, ta yi digirin digirgir a Cambridge a 1978, sannan ta kafa ɗakin bincikenta a Oxford. Ta zo a kan gaɓa, domin a 1976 Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, sun ƙirƙiro dabarar auna wutar lantarkin da ke bi ta ƙofa guda ɗaya tak a fatar ƙwayar halitta, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1991. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu na da irin waɗannan ƙofofi, masu buɗewa da rufewa don gishirin jiki kamar fotasiyam da kalsiyam su shiga ko su fita.

A 1984 Ashcroft da abokan aikinta suka nuna cewa sukari na rufe wata ƙofar fotasiyam a ƙwayoyin da ke yin insulin. Idan mutum ya ci tuwo, sukari ya ƙaru a jini, ƙwayar na ƙona shi ta samar da sinadarin ATP. Shi ke rufe ƙofar. Da fotasiyam ya daina fita, sai yanayin lantarkin ƙwayar ya canza, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. Bayan haka aka gane cewa Daonil da danginsa wannan ƙofar suke rufewa kai tsaye, ba sai sun jira sukari ba.

An yi shekara 20 kafin a ga babban amfanin binciken. A 2004, tare da Farfesa Andrew Hattersley na Exeter, suka gano cewa jarirai da yawa masu kamuwa da ciwon suga kafin wata 6 matsalarsu a ƙofar nan take: an haife su da ƙofar da ba ta rufewa yadda ya kamata. A da, allurar insulin ake yi musu kullum har ƙarshen rai. Binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna 44 cikin marasa lafiya 49 sun bar allura sun koma shan ƙwaya, kuma sukarinsu ya fi daidaita. An karrama ta da zama mamba a Royal Society a 1999, ta kuma karɓi lambar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya a 2012.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Tunda Daonil na rufe ƙofar ko an ci abinci ko ba a ci ba, yana iya jefa mutum cikin faɗuwar sukari: jiri, gumi, rawar jiki, har suma. Mai shan sa, musamman tsoho ko mai ciwon ƙoda, ya ga likita kafin ya ɗauki azumi, kuma a daina sayen sa a kemis don an ga maƙwabci na sha. Jaririn da aka ce yana da ciwon suga kafin wata 6, a tambayi likitan yara maganar gwajin ƙwayoyin gado, amma kada a tsayar da allura sai da umarninsa.

Ga 'ya'yanmu masu neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da sauran jami'o'i, kada a raina wanda bai samu likitanci ba aka ba shi fannin nazarin aikin jiki. Ashcroft ba likitar asibiti ba ce, nazarin dabbobi ta karanta, amma likitocin duniya da aikinta suke amfani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.