Tukunyar Hunturu: Daga Rumbun Kakanni Zuwa Hutun Disamba a Ingila

Duk shekara idan Disamba ta raba tsakiya, makarantun Ingila kan rufe na kusan mako biyu, ofisoshi su rage aiki, rana kuma ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ga yawancinmu mazauna nan, wannan ne lokacin da maigida da uwargida da yara da ɗalibanmu na jami'a suke samun hutu tare. 'Yan uwanmu Kiristoci suna shirin Kirsimeti, Musulmi kuma suna ribatar hutun don zumunci, tunda sau da yawa Sallah a ranar aiki take faɗowa. Sai waya ta ɗau zafi: a gidan wa za a haɗu, wa zai yi waina, wa zai kawo miyar taushe, wa ke kan hanya daga gida da kuka da daddawa. Akwai masu ganin cewa taron cin abinci a wannan lokaci al'adar aro ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Hunturu lokacin wadata da taro ne a ƙasar Hausa tun da daɗewa, kuma kakanninmu suna da tsarin da suke bi wajen ciyar da gida a cikinsa. Wannan tsarin ya kamata mu waiwaya kafin mu fita cefane.

Mu fara da hatsi. Gero ɗan gida ne. Masu binciken kufai sun gano alamun noman sa a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali ta yau, kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Dawa daga gabas ta zo, domin a yankin Kasala na ƙasar Sudan aka samu mafi tsufan alamunta, wajen shekara 5,000 ke nan. Wake ma a Afirka ta Yamma aka fara noma shi, haka nan wata irin shinkafa mai jan baya da aka fara shukawa a fadamun kogin Neja. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya bi ta kogin tsakanin Tambutu da Gawo, ya kuma ba da labarin wani abin sha da aka ba shi, dakakken hatsi a dame da ruwa, a zuba zuma ko nono. Duk Bahaushen da ya ji wannan siffa ya san dangin fura ake nufi.

Kalandar manomi ita ta sa hunturu ya zama lokacin ƙoshi. Ana girbe gero a ƙarshen damina, dawa da maiwa su biyo baya a watannin Nuwamba da Disamba. Kafin iskar hunturu ta kankama an ɗaure damuna an kai gida. Nan maigidan gandu zai zauna ya yi lissafi. A fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya raya. A ware iri. A ware abin da za a ci yanzu, sannan a liƙe rumbun da ba za a taɓa ba sai damina, lokacin da ake aikin gona da ƙarfi alhali hatsi ya yi tsada. Abin da ya ragu bayan wannan lissafi shi ake yin biki da shi. Shi ya sa ake ɗaura aure da yawa bayan kaka, ake dambe da kokawa da farauta, yara kuma su kewaye wuta da dare suna jin tatsuniya bayan an ci tuwo.

Iyayenmu mata suna da nasu lissafin. Busasshiyar iskar hunturu ita ce firjinsu. A yanka kuɓewa a shanya, a busar da ganyen kuka da yakuwa da zogale, a dafa kalwa a rufe ta har ta nuna ta zama daddawa. Mahauta kuma su feɗe nama siriri, su shanya, su shafe shi da labu su gasa ya zama kilishi, abincin da fatake ke tafiyar makonni da shi. Miyar kuka da muke marmari a Landan da Manchesta dabarar adana ce tun asali, hanyar da za a ci ganye a watannin da babu ɗanyen ganye a daji.

Hunturu kuma lokacin baƙi ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa daga Azbin a watan Disamba na 1850, ya iso Kano a farkon Fabrairu 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya ce kuma daga Janairu zuwa Afrilu adadin kan kai 60,000 saboda fatake. Raƙuman ayari suna sauke gishirin Bilma da dabino, su ɗauki gero da tufafi su koma arewa. Kanwa tana zuwa daga wajen Manga da tafkin Chadi, goro daga Gwanja. Birnin da jama'arsa ke ninkawa cikin wata huɗu dole ya iya saukar baƙi, dole matansa su iya ƙara hannu a tukunya ba tare da an tsaya dogon shawara ba.

Baƙin nan sun bar sawunsu a bakinmu. Alkama da albasa da sukari da shayi da kanumfari duk sunaye ne na Larabci. Haka alkaki da alkubus da gurasa, waɗanda suka shigo ta hannun fataken arewacin Afirka da suka zauna a birane irin su Kano da Katsina. A da alkama abincin fada da gidajen attajirai ce, ana noma ta kaɗan a lambu lokacin sanyi, shi ya sa har yau funkaso da alkaki suke da daraja a garar amarya.

Akwai wasu baƙin da suka zo daga nesa fiye da haka. Masara, gyaɗa, rogo, dankali, barkono, tumatir da kabewa duk 'yan nahiyar Amurka ne, babu ɗayansu a Afirka kafin shekarar 1492. Jiragen ruwan Turawan Fotugal sun kawo wasu gaɓar teku, wasu kuma sun zagayo ta arewa da gabas, kuma sunan masara kansa yana nuni da Masar. Kafin barkono ya iso, masoro da kimba da citta ke ba miya zafi. Kafin gyaɗa akwai gujiya da riɗi. Wato miyar taushe da muke kira ta gargajiya, da kabewarta da gyaɗarta da tattasanta, haɗin gambiza ne na nahiyoyi biyu da kakanninmu suka gwada, suka ga ya yi, suka riƙe. Makwabtanmu Turawa ma haka abin yake a wajensu. Talotalon da suke gasawa ranar 25 ga Disamba ɗan ƙasar Meziko ne, a ƙarni na 16 ya iso Turai, kuma sai bayan yaƙin duniya na biyu ya yi arahar da talakan Ingila zai saya. Kafin nan dinya ko naman shanu ake ci. Saboda haka uwargidan da ta shafe talotalo da yajin tsire ta jera shi kusa da sinasir ba ta yi wa al'ada laifi ba, hanyar kakanni ta bi.

Abin da ba su wasa da shi shi ne rumbu, kuma suna da dalili. Yunwar 1914 da ake kira Kakalaba ta hallaka jama'a masu yawa a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram, bayan damina ta gaza a shekarar da ta gabata. Farin 1973 kuwa da yawa daga iyayenmu sun gan shi da idonsu. Gidan da ya cinye hatsinsa a bikin hunturu shi ke fara sayar da awaki idan damina ta yi gardama. Wannan ne asalin rumbun tsimi, kuma shi ya sa almubazzaranci da abinci yake abin kunya ko a gidan mai hali.

Ƙarni na 20 ya sauya tukunyar da sauri. Layin dogo ya iso Kano a 1911, manoma suka rungumi gyaɗa don sayarwa, aka tara dalar gyaɗa, man gyaɗa da ƙuliƙuli suka wadata. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, ɗanyen tumatir ya cika kasuwa a tsakiyar hunturu. A shekarun nan na kuɗin man fetur shinkafar waje ta kwararo, ta tashi daga abincin Sallah da biki ta zama ta kullum. Ɗanɗanon Maggi, wanda aka fara dunƙulawa a Turai a 1908, ya ture daddawa gefe a gidaje da dama. Lemon kwalba ya zauna inda fura da kunun tsamiya suke. Yawancinmu da wannan sabuwar tukunya muka taso, ita muka ɗauko muka taho da ita, muna kiranta abincin gida.

A nan ne aikina na likita ya haɗu da tarihi. Kakanninmu suna cin tuwo mai yawa, amma na hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, bayan sun wuni a gona ko a kan hanya. Mu kuwa farar shinkafa da fulawa muke ci a cikin gida mai ɗumi, a watan da ko ƙofa ba ma son leƙawa. A Biritaniya baƙar fata ya fi Bature haɗarin kamuwa da ciwon sukari na manya ninki biyu zuwa huɗu, kuma haɗarin yana farawa tun daga shekara 25, alhali ga Bature sai wajen 40. Hawan jini ma ya fi yawa a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali wajen rabin nauyin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke tayar da jini, don haka zama na gargajiya bai wanke ta ba.

To, me za mu ɗauko daga tsarin rumbu? Na farko lissafi. A ƙirga bakuna kafin a ƙirga tukwane, a raba girki tsakanin gidaje don kada nauyi ya faɗa kan mace ɗaya, a kuma tambayi wanda ke da sukari ko hawan jini a cikin baƙi kamar yadda ake tambayar wanda ba ya cin yaji. A bar wa tuwon dawa ko na gero wuri a tabarma, tunda garinsu yana samuwa a shagunan 'yan Afirka. A yawaita miyar ganye da wake, a ƙara daddawa a rage dunƙule, a dama zoɓo da citta ba tare da an cika masa sukari ba. Hasken ranar Ingila daga Oktoba zuwa Maris ba ya isa jiki ya haɗa bitamin D, shi ya sa hukumomin lafiya na nan suke ba da shawarar shan maikirogiram 10 a kullum, ga masu duhun fata ma duk shekara.

Na biyu adana. Ɗumame al'adarmu ce, amma shinkafar da ta kwana a tukunya a ɗakin girki mai ɗumi tana haifar da ƙwayar cuta mai gubar da wuta ba ta kashewa. A sanyaya ta a sa a firji cikin awa ɗaya, a cinye washegari, kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Ku 'yan uwa na gida masu yi mana tsaraba, Allah ya saka da alheri, amma ku sani dokar Biritaniya ta hana matafiyi shigowa da nama da kayan nono daga Najeriya ko Nijar, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu a filin jirgi za su tsaya. An tsaurara wannan doka bayan annobar dabbobi ta 2001, wadda ta sa aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6. Gyaɗa da ƙuliƙuli kuma a tabbata sun bushe sarai. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, daga nan aka gano gubar da hunhuna ke bari a gyaɗa, wadda ke jawo ciwon dajin hanta.

Na uku rabo. A garuruwanmu yaro ne ke ɗaukar kwanon tuwo ya kai makwabta da magariba, a Wusasa da Kaduna da Jos kuma kwanon Sallah da na Kirsimeti sun daɗe suna tsallaka katanga. A nan ma akwai masu jiran wannan kwano: ɗalibin da ya rage shi kaɗai a ɗakin kwanan jami'a, ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, dattijon da 'ya'yansa suka yi nisa, makwabcin Bature da matarsa ta rasu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, a sa yaranmu su ɗauki kwanon da hannunsu, su kuma tsaya a kicin su ga yadda ake tuƙa tuwo, su ji sunan kowane abu da Hausa.

Nan da 'yan shekaru lissafin zai ƙara sauyawa, domin watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma bisa ƙididdiga a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Hutun hunturu zai zama lokacin buɗa-baki da sahur, kunun tsamiya da ƙosai su dawo gaba. Gidan da ya saba da lissafi da adana da rabo tun yanzu ba zai sha wuya ba. Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya sa albarka a tukwanenmu na nan da na gida.