DODO A ƘASAR GUMEL: TSAKANIN TATSUNIYA DA TARIHI

A bana na zaɓi in yi tsokaci a kan wata tambaya da jikokinmu suke yawan yi mana idan sun zo hutu gida, musamman yanzu da hotunan wasu halittu masu gashi suke yawo a wayoyin hannu: shin dodo gaskiya ne, kuma ya taɓa zama a dazuzzukan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar?

Dodo a bakin kakanninmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san siffar dodo: ƙato ne, gashi buzu-buzu, yana tafiya da ƙafa biyu, yana magana kamar mutum, ga ruri mai firgitarwa. Mazauninsa ƙungurmin daji ne ko bakin ruwa, abincinsa kuwa ɗan Adam, musamman yaro marar jin magana ko budurwa mai raina samari. Wannan siffa ta daɗe, domin an rubuta tatsuniyoyin dodo tun fiye da shekara ɗari. Frank Edgar ya tara su a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa daga 1911 zuwa 1913, A. J. N. Tremearne ya kawo wasu a littafinsa na 1913, daga baya kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda da yawanmu muka koyar da shi a aji.

Abin lura shi ne yadda Bahaushe ya shimfiɗa kalmar. Muna da dodon koɗi da dodon kunne, makaɗan fada kuma sukan kira sarki dodo saboda kwarjininsa. Ke nan kalmar tana nufin abin da yake ɓoye ko abin da ake shakka, tun kafin ta nufi wata dabba takamaimai.

Dajin da ya haifi labarin

Ba za a fahimci dodo ba sai an tuna yadda ƙasar take a da. An kafa masarautar Gumel wajen 1750, ta daɗe tana bin Barno, kuma a 1845 aka dawo da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa inda take a yau. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma yi maganar cinikin kanwa da ya tarar. Zamani ne na yaƙe-yaƙe. Gaba da Haɗeja ta ci gaba har zuwa 1872, shekarar da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu, sannan hare-haren Damagaram suka addabi ƙauyuka a ƙarshen ƙarnin, kafin zuwan Turawa a 1903.

A irin wannan hali, tsakanin gari da gari daji ne mai duhu, ga kuraye, ga mahara masu kama mutane su sayar. Yaron da ya wuce ganuwa bayan magariba yana iya ɓacewa har abada. A ganina, uwar da ta ce wa ɗanta dodo zai kama shi, tana faɗa masa gaskiya ne da harshen da zai gane. Haɗarin yana nan, sunan kawai aka sauya.

Akwai kuma dabbobin da suka ba dodo jiki. Jan biri, wanda ya saba da ƙasa irin tamu, yakan miƙe a kan ƙafa biyu don ya hango abin da ke bayan ciyawa. Bika kuwa, mai faffaɗan ƙirji da dogayen fiƙoƙi, yaranmu sun san shi a hannun gardawa masu wasa da kura da biri a ranakun kasuwa. Manomin da ya ga irin wannan da duku-duku, cikin hazon hunturu, zuciya cike da tsoro, ba abin mamaki ba ne ya koma gida ya ce ya ga mutumin daji.

Sauran al'ummu ma suna da nasu

Mutanen tsaunukan Himalaya suna da Yeti, wanda ya yi suna bayan Eric Shipton ya ɗauki hoton wani sawu a kan ƙanƙara a 1951. A Amurka akwai Bigfoot, wato mai ƙatuwar ƙafa. An ga manyan sawaye a jihar Kalifoniya a 1958, a 1967 kuma wasu mutum biyu, Patterson da Gimlin, suka fito da ɗan gajeren fim da har yau ake jayayya a kansa. Akwai masu sha'awa da suke kashe kuɗinsu da hutunsu suna kwana a daji da kyamara don neman wannan halitta.

To, me bincike ya nuna? A 2002, bayan rasuwar wani mutum mai suna Ray Wallace, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da suka ce da su ya buga sawayen 1958. A 2017 masana suka gwada ƙwayoyin halitta na abubuwa tara da ake cewa na Yeti ne, kamar gashi da ƙashi da haƙori. Takwas suka zama na dabbar nan beyar, ɗaya kuma na kare.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin yi wa labarin mutanen karkara dariya. Turawa sun daɗe suna jin labarin wani ƙaton biri a dazuzzukan Afirka suna ɗaukarsa almara, sai a 1847 Thomas Savage da Jeffries Wyman suka tabbatar da gorila ta hanyar ƙasusuwan da aka samo daga Gabon. Na kan tsaunuka kuwa sai a 1902 Turawa suka san da shi. A nan Nijeriya ma, an zaci gorilan Kuros Riba ya ƙare, sai aka sake gano shi a shekarun 1980, kuma a 2020 kyamarar da aka ɗana a tsaunukan Mbe ta ɗauki hoton garkensu har da 'ya'ya. Maharban wurin sun san da shi tun kafin masana su yarda.

Hukuncin da hankali zai yanke

Bambancin a fili yake. Gorila ya bar ƙashi, ya bar gashi, ya bar sheƙar da yake kwana. Dabba ba ta wanzuwa ita kaɗai, sai da garke mai yawa da zai riƙa haihuwa, kuma garke ba ya ɓuya shekara ɗaruruwa. Manyan birai suna buƙatar kurmi mai 'ya'yan itace da ruwa duk shekara, irin na Gashaka-Gumti a Taraba. Ƙasarmu ta jigawa ce da rairayi, damina da ƙyar take wuce wata huɗu. Saboda haka babu wata hujja da ke nuna cewa dodo mai gashi ya taɓa zama a nan a matsayin dabba. Gidansa na gaskiya shi ne dandali da ɗakin kaka.

Kammalawa

Abin da ya fi damuna ya wuce dodo. Tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Gagarawa wajen 1930, noman gyaɗa ya bunƙasa, aka yi ta sare daji. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da gatari ya bari. Yau yaro zai tashi daga Gumel zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari bai ga wurin da ko zomo zai ɓuya ba. Dattawan maharba da tsofaffin mata masu tatsuniya su ma kullum raguwa suke yi.

Don haka ina kira ga ƙungiya da abu biyu. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na malamai da ɗalibai da zai zaga gundumominmu ya naɗi muryoyin waɗannan dattawa: sunayen dazuzzuka, namun dajin da suka gani da idonsu, da tatsuniyoyin da suka gada. Na biyu, kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin dashen itatuwa da rainonsu a makarantar firamare ɗaya ta garinsu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da aka rubuta ba ya bin mai shi kabari.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.