Fasali a Kan Rini da Shuni, da Abin da ke Ciki na Lura

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, almajiri ko falke, idan ka ga tsohon gwado ko luru a ɗakin kakarka a Janbako, ya tsufa amma shuninsa bai gushe ba, to kada ka raina shi. Ka saurari asalinsa.

Ka sani, shuni daga ganyen baba ake samunsa. Marina su zuba shi a karofi tare da ruwan toka, su bar shi kwanaki har ya nuna. Sa'an nan a tsoma zane, a fitar, a sake tsomawa. Yana fitowa da ɗan kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Mai son ado kuwa, sai ya ƙulle wasu wurare da zare kafin a tsoma, inda aka ƙulle ya fito fari. Yarbawan Abekuta kuma sukan shafa kullun rogo, su kira nasu adire.

Wannan sana'a ta ɗaukaka Kano. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta ga shekarar 1498. Bature Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus, ya kuma kimanta abin da ke zuwa Tumbuktu kaɗai da kayan raƙumi 300 a shekara. Turkuɗin Kura, wanda mabuga ke bugawa har ya yi walƙiya, shi Buzaye ke naɗawa.

Daga bisani al'amari ya juya. Mutanen Holan suka ga yadda mutanen Jawa ke ɗiga kakin zuma a kan zane kafin rini, suka mayar da aikin ga inji, atamfa ta shigo kasuwanninmu. A 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa ba da ganye ba. Araha ta rinjayi wahala, karofi da yawa suka bushe.

To, ya kai falke, babu laifi ka sayar da atamfa ko rinin zamani. Laifin shi ne ka kira shi rinin karofi alhali ka san ba shi ba ne. Mai saye zai kai shi rafi, ruwa ya tona asirinka, ka ci ribar yini guda ka rasa amanar shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kai kuma almajiri, ka lura: tsomi ɗaya ba ya rina zane. Haka allonka yake, sai da maimaici karatu ke zama. Kuma ka kwance zuciyarka daga girman kai a gaban malaminka, domin wurin da aka ƙulle, ko ya kwana a karofi, fari zai fito.

Tammat.