Daga "nawa ne" zuwa "wane ne kai": yadda katin banki ya koyi yawan tambaya

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin mai ko na magani da kati a Gwadangaji ya san 'yar takardar nan da na'urar POS ke fitarwa. Yawanci adadin kuɗin kawai ake dubawa a yar da ita. Alhali a jikinta akwai sunan shago, da lambar na'urar, da rana da lokaci, da guntun lambar katin wadda aka rufe tsakiyarta da taurari, da wata lamba mai alƙaluma 12 da banki zai fara tambaya idan an cire kuɗi ba su shiga ba. Akwai kuma amsar banki: 00 an biya, 51 kuɗin ba su isa ba, 91 bankin mai katin bai amsa ba, wato abin da mai shago ke cewa "babu sabis". Wannan kaɗan ne daga abin da na'urar ta aika, kuma kowane layi akwai matsalar da ta haife shi.

A 1950 Frank McNamara ya kafa Diners Club a birnin New York, kati na kwali da manyan ma'aikata ke biyan kuɗin abinci da shi idan sun fita da baƙi. A 1958 Bank of America ya raba nasa katin a garin Fresno na jihar Kalifoniya, shi ne ya koma Visa a 1976. Wasu bankuna kuma suka haɗa kai a 1966, ƙungiyarsu ce ta zama Mastercard. A wancan zamani mai shago kan ɗora kati a kan wani ƙarfe, ya shimfiɗa takarda mai kabon, ya murza, lambobin su fito. Idan kuɗin sun wuce wani adadi sai ya buga wa banki waya. Sunan shago, rana, da yawan kuɗi, iyakar abin da ake nema ke nan.

A kasuwar Argungu dillali ya san mai kaya, ya san mai saye, ya ga kayan da idonsa, ya karɓi la'adarsa, kuma ranar da rigima ta tashi shi ne shaida. Kamfanin kati ma la'ada yake ci, shi ma gabansa ake kai ƙara, sai dai ba ya wurin da aka yi cinikin. Abin da bai gani ba dole a rubuta masa. Daga nan tambayoyinsa suka samo asali.

Da aka sa wa kati baƙin zanen maganaɗisu a bayansa a shekarun 1970, ciniki ya koma tafiya ta waya tsakanin kwamfutoci, sai aka buƙaci tsari ɗaya da kowa zai bi. A 1987 aka fitar da ƙa'idar ISO 8583, wadda ta ba kowane bayani gurbinsa mai lamba. Cikin guraben akwai na nau'in sana'a, alƙaluma huɗu da banki ke liƙa wa ɗan kasuwa ranar da ya ba shi na'ura: 5411 mai kantin kayan masarufi, 5541 gidan mai, 5912 kantin magani, 7011 otal. Da wannan lamba ake yanke la'ada, da ita kuma kamfani ke toshe katin ma'aikacinsa ya hana shi aiki a wuraren da ba su shafi aiki ba. A shekarun 1990 Europay da Mastercard da Visa suka fito da kati mai ƙwayar cif don maganin masu kwafar katuna. A ƙarshen 2004 kuma manyan kamfanonin kati suka haɗa ƙa'idar tsaro ta PCI DSS, wadda ta faɗi abin da ba a yarda ɗan kasuwa ya ajiye ba, kamar lambar sirri da alƙaluma ukun nan na bayan kati.

Tambaya mafi zurfi daga ofisoshi ta fito. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Amurka ta fara ba ma'aikatanta katin sayayya, domin cike takardun neman izini don sayen ƙaramin abu yakan ci fiye da kuɗin abin. Kamfanoni suka bi sahu. Sai mai binciken kuɗi ya ce bai gamsu ba: takardar banki ta nuna an kashe kaza a shagon wane, amma me aka sayo? Visa da Mastercard suka amsa da raba bayanai mataki uku. Na farko shi ne na kowa da kowa. Na biyu ya ƙara yawan harajin da ke cikin kuɗin, da lambar harajin mai shago, da lambar odar mai saye. Na uku kuwa rasit ne sukutum. A ce wani ofishi a sakatariyar Gwadangaji ya sayi takardar rubutu da tawadar firinta: za a aika sunan kowane kaya, da lambarsa, da guda nawa, da ma'auninsa, katan ne ko ƙunshi, da farashin ɗaya, da ragi, da kuɗin dako, kuma jimillar ta yi daidai da abin da aka cire.

Ba da sanda aka karɓi waɗannan bayanai a Amurka ba, saye aka yi. La'adar katin kamfani ta fi ta katin mutum ɗaya tsada, sai aka ce duk ɗan kasuwar da ya aika mataki na biyu ko na uku za a rage masa. Ina amfanin baɗi ba rai, wasu suka riƙa cika guraben da kowace irin shara don dai su sami ragin. Shi ya sa a 2025 Visa ta kawo sabon shiri a Amurka na tantance abin da ake aikowa, ragi sai ga wanda bayanansa suka tabbata.

Najeriya wata hanya ta bi. An kafa NIBSS, cibiyar da ke daidaita biya tsakanin bankuna, a 1993. Mitchell Elegbe ya kafa kamfanin Interswitch a 2002, katinsa na Verve ya fito a 2009, a daidai lokacin da Babban Banki ke tilasta wa bankuna komawa kati mai cif saboda yawan satar da ake yi a ATM. A zamanin gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi aka fitar da dokokin POS a 2011, aka ɗora wa NIBSS tattara bayanan dukkan na'urori. Shirin rage amfani da tsabar kuɗi ya fara a Legas a Janairun 2012, ya iso Kano a 2013, ya game ƙasa a 2014. A 2013 aka halatta wa bankuna naɗa wakilai a unguwanni, tushen sana'ar 'yan POS ke nan. A Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, lambar tantance mai asusu mai alƙaluma 11.

Manoman fadamar Rima da yawa ta ƙofar shinkafa suka shiga wannan tsari. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, kuma sharaɗin shiga shi ne asusun banki da BVN. Shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a ƙarshen 2016, aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Manomin da ya saba da mudu da buhu ya tarar a ƙofar kamfani sikeli ake hawa, a auna danshi, a rubuta, sannan a jira alat.

Abin da shekara goma ta wa'azi ba ta yi ba, 'yan makonni suka yi shi. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, har Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. Mai nama da mai shayi da mai sayar da kifi suka koma karɓar taransifa, na'urorin Moniepoint da OPay da PalmPay suka cika bakin titi.

Yawan na'urori ya zo da nasa ciwon kai: damfara, da zargin cewa ta nan ake fitar da kuɗin fansa. Saboda haka tambayar hukumomin Najeriya ba ta kaya ba ce, ta mutum ce. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce kowane asusu sai da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN. A 2024 aka umarci masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, aka tsawaita wa'adin daga Yuli zuwa 5 ga Satumba. A Agustan 2025 aka ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista ta taswirar tauraron ɗan Adam, kada ta yi nisa da shi fiye da mita 10. Na'urar da aka yi wa rajista a Gwadangaji, a bisa wannan umarni, ba ta zuwa cin kasuwar Argungu.

Katin kamfani bai yi ƙarfi a nan ba, domin galibin sayayyar ofisoshi da taransifa ake biya bayan an kai takardar neman biya. Amma tambayar "me aka saya" ta shigo ta ƙofar haraji. A 2025 hukumar haraji ta FIRS ta fara tilasta wa kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan biyar a shekara su riƙa aika mata rasit ta intanet, mai ɗauke da kaya ɗaya bayan ɗaya da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun 2020. Kusan abin da mataki na uku ke nema ke nan, sai dai nan ba ragi aka yi alkawari ba.

Ƙaramin ɗan kasuwa bai shiga wannan sahu ba tukuna, kuma yana da hujjar ɗari-ɗari, don duk abin da aka rubuta mai haraji na iya karantawa, ko da yake tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Sai dai rubutun da yake tsoro shi ne kamfanonin POS ke dubawa su ba da bashi ba tare da jingina ba. Kuma babban kamfanin da aka matsa wa ya nuna abin da ya saya, wurin masu kai masa kaya zai juya. Mai kai shanshera masana'anta, da mai kai dizal, da mai kai kayan ofis a Birnin Kebbi, za a tambaye su rajista da lambar haraji da rasit mai bayani dalla-dalla kafin a tambaye su farashi.